Tsohuwar Bindigar Soja A Ruga: Kariya Ce Ko Jawo Wa Kai?



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata tambaya ce da wani dattijo ya yi mini a kasuwar shanu, muna zaune a rumfar dillalai bayan an yi azahar. Ya ja ni gefe, ya rage murya, ya ce, "Malam, an kawo mini tallar irin bindigar nan ta sojan da, mai sakata, an ce in ba da bijimi biyu. Kai da ka san ta, me ka gani?" Na ce masa, "Baffa, riƙe bijimanka." Sai ya dube ni shekeƙe, ya ce, "To, ɓarayin da suka kore mini shanu bara, da sanda zan tare su?" A ranar ban samu na ba shi amsar da ta dace ba, domin motarmu ta cika direba yana ta danna oda. Amsar ce nake so in bayar a nan, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba daga Salaga zuwa Yendi har Bawku.

Da farko dai ba zan raina kukansa ba. Duk wanda ya ce makiyayi ba ya cikin tsoro a arewacin Gana, to ko dai bai taɓa kwana a ruga ba, ko kuwa yana faɗin son zuciyarsa ne. Ba mu manta da Zamashegu ta ƙasar Gushegu ba, inda aka kashe Fulani 13 a watan Disamba na 2011. Ba mu manta da Zakoli ta kusa da Yendi ba, inda aka faɗa wa rugage a watan Afrilu na 2022, aka kashe aƙalla mutum takwas, aka ƙone bukkoki. Ga satar shanu, ga kama mutum a nemi kuɗin fansa, wanda galibi ɗan makiyayi ake kamawa don an san mahaifinsa zai sayar da garke ya fanso shi. Duk wannan gaskiya ne. Abin da nake musu a kai shi ne a ce wannan tsohon ƙarfe shi ne maganin abin. Kuma don kada a ce ina magana ne irin ta wanda bai san dawan garin ba, bari in bayyana ko mece ce wannan bindiga, daga ina ta fito, da yadda cikinta yake aiki. Kawuna tsohon soja ne da ya je yaƙin Bama, a bakinsa na fara jin labarinta tun ina yaro, kuma har ya rasu bai taɓa yarda an ajiye ta a gidansa ba.

Bindigar da aka fi sani a cikin irin waɗannan ita ce ta Ingila mai suna Lee-Enfield. Sojan Ingila sun fara riƙe ta a 1895, aka yi ta gyara ta, aka fito da gajeriyarta da aka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya da ita, sannan aka fito da mai lamba huɗu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda tsofaffin 'yan sanda ke kira Mak-fo. Irin wannan bindiga ce kakanninmu da suka shiga sojan Turawa suka saɓa, a zamanin da Hausa ce harshen bariki. Alhaji Grunshi, sojan rundunar Gwalkwas, shi ake cewa ya fara harba harsashi a ɓangaren Ingila a yaƙin 1914, lokacin da aka shiga Togo don ƙwace tashar wayar iska ta Jamus da ke Kamina. Sunan barikin Kamina na Tamale daga nan ya samo asali, kamar yadda barikin Bama na Akra ya samo nasa daga yaƙin da sojanmu suka yi da Japan. A ƙetaren iyaka kuwa, wato Burkina Faso da Togo da Nijar, abin da Faransa ta bari shi ne MAS-36, wadda ita ma mai sakata ce amma harsashi biyar take ci. To, ka ga duk wadda aka kawo maka talla a yau, da wuya a ce ba ta girmi mahaifinka ba.

Yadda take aiki kuwa ba wani asiri ba ne. Abin da ake kira sakata wani dogon ƙarfe ne da ke kai-da-komo a bayan bututun bindiga, yana da hannu mai ɗan dunƙule a gefen dama, kusan kamar sakatar ƙofar shago. A jikinsa akwai haƙora biyu da ke shiga gurbinsu a jikin bindigar su kulle. Idan aka ɗaga hannun, haƙoran sun fita daga gurbi. Idan aka ja baya, wata 'yar ƙugiya da ke kan sakatar takan kamo gindin kwanson harsashin da aka riga aka harba, ta fizgo shi, ya yi tsalle ya faɗi gefe. Idan aka tura gaba, goshin sakatar yakan tunkuɗo harsashin da ke sama a cikin magazin ya cusa shi a maƙogwaron bindiga, wato ɗan ɗakin nan da ke farkon bututu. A ta Ingila, a daidai wannan turawa ce sifirin ɗin da ke cikin sakata yake matsewa, allurar da ke tsakiyarsa ta ɗanu. Da an kwantar da hannun ƙasa, haƙora sun koma gurbi, ƙofa ta kulle. Abin da kunama ke yi kawai shi ne sakin wannan allura. Ita kuma ta daki ɗan idon da ke gindin harsashi, ya ba da tartsatsi, albarushi ya kama, iskar da ta taso ta ingiza kan harsashin ya fita da gudun da ya haura mita 700 a cikin daƙiƙa ɗaya.

A lura da wani abu a nan, don za mu dawo kansa. Ƙarfin da ke tura harsashi gaba, shi ne kuma ke tura sakata baya, kuma bayan nan ba kowa a wurin sai idon mai harbi. Nauyin da ke taruwa a maƙogwaron bindiga a wannan ƙiftawar ido ya kai wajen tan uku a kan wurin da bai fi faɗin farcen yatsa ba. Haƙoran nan biyu su kaɗai ne tsakanin wannan nauyi da fuskar mutum.

Shi kuwa magazin ɗan akwatin ƙarfe ne da ke ƙarƙashin bindiga, gaban kunama. A cikinsa akwai wani lanƙwasasshen sifirin da ɗan faranti a kansa. Harsasai goma ne ke kwanciya a kan farantin, sahu biyu a sarƙe, sifirin yana ta tura su sama, ta yadda da zarar sakata ta ɗauke na sama sai na ƙasa ya hau gurbinsa. Sojan da ba su cika cire magazin ɗin ba, ta sama suke ɗura shi da wani ɗan ƙarfe mai riƙe harsashi biyar-biyar. Wannan tsari shi ya sa aka yi ta yabon bindigar a zamaninta, don ana horar da soja har ya iya harbi goma sha biyar a minti ɗaya yana saiti.

Yanzu ga wurin da nake so kowane mai ruga ya buɗe kunne, ko yana da bindiga ko ba shi da ita, domin ko ba ta gidanka tana iya kasancewa gidan maƙwabcinka inda 'ya'yanka ke zuwa wasa. Magazin da maƙogwaro wuri biyu ne daban. Magazin rumbu ne, maƙogwaro kuwa turmi. Wanda ya rufe rumbu ya tafi da makulli bai kwashe hatsin da aka riga aka zuba a turmi ba. Mutum zai cire magazin ya ɓoye, ya ce ai bindigar ba komai a ciki, alhali kuwa harsashi ɗaya yana kwance a maƙogwaro, allura a ɗane, ba abin da ake jira sai yatsa. Ta Faransa ɗin nan ma, MAS-36, ko makullin hana harbi ba a yi mata ba tun daga masana'anta, sojansu horo aka ba su na yawo da ita maƙogwaro fanko. Wa ya ba ɗan kiwo wannan horo?

Ba a littafi na karanta wannan ba. Shekarun baya, da rani, na je wata ruga a yankin Salaga lokacin allurar shanu, na tarar da gida ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Ashe maigidan ya sayi irin wannan bindiga bayan an yi masa sata, ya soke ta a cikin jinkar ɗakinsa, ya cire magazin ya sa a ƙasan akwatin matarsa, a ganinsa ya yi dabara. Ranar kasuwa ya tafi, ɗansa mai shekara goma sha huɗu ya zaro ta yana nuna wa ƙanensa yadda soja ke yi. Harsashin ya huda zana, ya ratsa bukka ta biyu, ya sami yayarsu a cinya tana tsugune tana burkar nono. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Asibiti bai yi nisan da za a kasa zuwa ba, amma an san da an kai mai raunin harsashi za a tambayi bindiga. Aka tsaya ana ɗaure-ɗaure da saiwoyi har kwana biyu. Da aka kai ta daga ƙarshe, ƙafar ta riga ta lalace, sai yankewa aka yi. Uban ya sayar da shanun da suka fi waɗanda aka sace masa yawa, tsakanin magani da shari'a. Ɓarayin da aka sayi bindigar dominsu kuwa ko ƙurarsu ba ta taɓa gani ba.

Mu koma kan tsufa. Kowace irin wannan bindiga da sakatarta aka yi ta, har lamba ɗaya ake buga musu, a jikin bindigar da kuma a hannun sakatar. Dalili kuwa, tazarar da ke tsakanin goshin sakata da gindin harsashi aune take, kuskuren da ido ba ya gani ya isa ya ɓata ta. A bariki akwai makanikin makamai da ma'auninsa, shi ke duba wannan tazara, in ta buɗe ya canja kan sakatar, don ita mai lamba huɗu an yi mata kawuna masu girma daban-daban musamman saboda haka. Wadda ta yi shekara saba'in ko tamanin tana yawo daga hannu zuwa hannu, an binne ta a ƙasa lokacin bincike, an tono ta, an haɗa gangar wannan da sakatar waccan, wa ya auna ta? Idan tazarar ta yi yawa, kwanson harsashi yakan miƙe ya tsage, iskar wuta ta dawo baya. Ga kuma tsatsa. Tsofaffin harsasan soja suna barin wani irin gishiri a cikin bututu mai jan danshi, shi ya sa kawuna yake ba da labarin yadda ake sa su zuba tafasasshen ruwa a bututu bayan harbi. Wadda ba a yi mata haka ba, cikinta ya riga ya zama kamar tsohuwar garwa, ko da an goge bayanta da mai tana ƙyalli a gaban mai saye.

Harsashin kansa ma yana tsufa. Wanda ya daɗe a zafi da danshi yakan ƙi tashi, wani kuwa, wanda ya fi haɗari, yakan yi jinkiri. A ja kunama a ji shiru, mutum ya ɗauka ya mutu, ya juyo da bindiga ko ya buɗe sakata, sai ya tashi a lokacin. Sifirin ɗin magazin yakan saki don tsufa ya kasa turo harsashi. Kuma da yake harsashin Ingila yana da leɓe a gindi, in leɓen na sama ya faɗa bayan na ƙasa sai sakata ta cije ta ƙi gaba. Soja ya san wannan don an yi wata da watanni ana horar da shi da rana tsaka. Makiyayin da aka tasa daga barci ƙarfe biyu na dare, shanu suna ta ɓarkewa, mata suna kururuwa, hannunsa yana rawa, shi ne zai warware cijewar sakata a cikin duhu?

Ko da ta tashi lafiya, akwai tambayar inda harsashin zai sauka. Wannan ba bindigar harbin zabi ba ce da ƙwayoyinta ke zubewa bayan 'yan taku. Ma'aunin saitin tsohuwar ta Ingila har yadi 2,000 aka rubuta masa, kuma harsashin yana wuce haka in an ɗaga baki sama. Wanda ya yi harbin tsoratarwa a bakin garke, harsashinsa yana iya sauka a gonar doya ko a tsakar gidan wani a ƙauyen da ko hayaƙinsa ba ya hangowa. Washegari ba wanda zai tsaya tambayar ko ganganci ne ko kuskure. Za a ce Fulani sun yi harbi, kuma mun san abin da ke biyo bayan wannan kalma.

Wani zai ce, to ai ko ba komai ɓarawo zai ji tsoro. A nan nake so mu tuna da Adibo, kudu da Yendi kaɗan. A watan Disamba na 1896 dubban mayaƙan Dagwamba, jarumawa na gaske, suka tari 'yar ƙaramar rundunar Jamus. Su suna riƙe da bindigogin toka da ake ɗurawa ta baki, a zuba albarushi, a tura, a dandaƙa, kafin a yi harbi ɗaya. Su kuwa sojan Jamus bindigoginsu ta baya ake ɗura su. Ba a jima ba aka karya Dagwamba, aka shiga Yendi aka sa mata wuta. Jarumta ba ta gaza ba a ranar, makami ne ya tsufa. To, matsayin da bindigar toka take da shi a gaban ta Jamus a Adibo, shi ne matsayin mai sakata a gaban abin da ɓarayin yau ke riƙe da shi. AK-47 magazin ɗinta harsashi 30 yake ci, G3 kuma 20, kuma dukansu ba hannu ke ja musu sakata ba, ƙarfin harbin da kansa ke mayar da ita baya ya ɗauko na gaba. Kafin kai ka ɗaga, ka ja, ka tura, ka kwantar, shi ya zazzage maka rabin magazin. Kuma ɓarawo shi ke zaɓen dare da lokaci, ba shi kaɗai yake zuwa ba, sannan in ya ji labarin akwai bindiga a rugarka, ka ƙara masa abin da zai zo nema ne, kuma zai shigo da harbi maimakon barazana.

Ashe ke nan ba ta isa ta tsare ka daga ɓarawo ba, amma ta isa ta kai ka kurkuku. Dokar makamai ta Gana ta 1972 ta wajabta yi wa kowace bindiga rajista wurin 'yan sanda da sabunta lasisi duk shekara, kuma a ƙarƙashin dokar manyan laifuffuka ta 1960, riƙe bindiga ba da izini ba laifi ne mai daraja ta ɗaya, wanda hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Makamin yaƙi irin AK da G3 kuwa ba a ba farar hula lasisinsa sam. Ga wanda ake yi wa kallon baƙo ko da a nan aka binne cibiyar kakansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun da rikicin masu iƙirarin jihadi ya matso kudancin Burkina Faso, har yankin Bittou da ke maƙwabtaka da Bawku, idon hukuma yana kan kowane Bafulatani. Mun ga yadda aka kwashi mutane a watan Yuli na 2023 aka mayar da su Burkina, har Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi magana. A irin wannan yanayi, tsohuwar bindiga ɗaya da aka zaro daga jinka aka ɗauki hotonta ta isa a tashi rugage goma, kuma ta ba masu cewa a kori shanu, irin abin da aka yi a Agogo a 2018, hujjar da suke nema.

Garuruwan nan uku da muke kiwo da fatauci a tsakaninsu, kowanne ya riga ya gwada wannan hanya a gabanmu. Salaga da ake zuwa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna da shanu a koma da goro, yaƙin sarautar 1892 ne ya watsa fatakenta, wasu suka yi Yeji, wasu Kintampo, wasu Kete-Krachi, inda Malam Alhaji Umaru ya ƙarasa rayuwarsa. Kasuwar ba ta sake komawa yadda take ba. A 1994 kuma, gardamar cinikin zabo a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbila ta zama yaƙi tsakanin Konkomba a gefe ɗaya da Nanumba da Dagwamba da Gwanja a ɗaya gefen. Aƙalla mutum 2,000 suka mutu, ƙauyuka fiye da 400 suka ƙone, aka sa dokar ta-ɓaci da ta haɗa da Yendi da Salaga, sai a 1996 aka sa hannu kan sulhu a Kumasi. Zabo bai isa ya yi wannan ɓarna ba, bindigogin da aka daɗe ana tarawa a ɗakuna, kowa yana cewa don tsaron kai ne, su suka yi ta. A Yendi, a watan Maris na 2002, an yi kwana uku ana ɓarin wuta a fadar Gbewaa, aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na Biyu da mutanensa da dama, kuma sai a watan Janairu na 2019 aka naɗa sabon Ya-Na. Shekara goma sha bakwai ke nan.

Bawku kuwa ba sai na ba fatake labarinta ba. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya samo asali tun wajen 1957, ya tashi a 2000 da 2001, ya sake tashi a 2007 da 2008, ya kuma dawo a ƙarshen 2021. Ba ni da bakin cewa ga mai gaskiya, kuma ba hurumin wannan shafi ba ne. Abin da na sani shi ne, garin da ke bakin iyakar ƙasa uku, wanda shanun Burkina da na Nijar ke bi ta cikinsa su gangara Kumasi da Tulaku ta Ashaiman, ya kai matsayin da aka sa masa dokar hana fita, aka hana hawa babur, har aka taɓa hana sa batakari don kada a ɓoye makami a ƙarƙashinsa. Mutanen Bawku ba su rasa bindigogi ba, kuma nasu sun fi Mak-fo nesa ba kusa ba. In da bindiga tana kawo barci, da sun fi kowa barci a ƙasar nan.

Kuma su waɗannan masu rikici 'yan ƙasa ne, kowane ɓangare yana da sarakunansa da lauyoyinsa da 'yan majalisarsa. Makiyayi fa? Abin da ya tsare da yawa daga cikinmu a waɗannan shekaru shi ne an san mu ba ma cikin faɗan. Muna kiwon shanun wannan, muna kiwon na wancan, muna sayar wa kowa nono. Ranar da aka ga bindigar soja a hannunmu, tambayar farko ita ce wa ya ba ku, kuma wa za ku harba. Daga ranar mun zama ɓangare, kuma ɓangaren da ba shi da kowa a majalisa.

Ga 'yan'uwana fatake kuma, ku da kuka san yawan shingayen da ke tsakanin Bawku da Bolga da Walewale da Tamale. Ko bindigar ba ta cikin mota, magazin ɗaya ko harsashi biyu da yaron mota ya ɓoye a ƙarƙashin kujera sun isa a tsare tirela. Shanu talatin ko arba'in a tsaye a rana, ba ruwa ba ciyawa, kowace sa'a nama yana zubewa, wasu su durƙushe a tattake su. Kafin a gama bincike, uwar kuɗi ta tafi. Ku riƙa duba motar da kuka ɗauka haya da yaran da kuka ɗauka rakiya kafin a yi lodi, kada kunya ta hana ku.

Na san Baffa zai ce, to ka hana ni wannan, me ka ba ni? Ba zan yi masa ƙaryar cewa ina da maganin da zai sa ya yi barci da ido biyu rufe ba. Amma saniyar sata ba a daji ake cinye ta ba, kasuwa ake kai ta, a gaban dillali, a loda ta a mota da takardar malamin dabbobi, ta ƙare a mayanka. A nan ne ƙarfinmu yake, kuma a nan ne muke da laifi, don akwai waɗanda ke ganin saniya da arha irin ta banza, da tambarin da aka ƙona aka sake, su kau da kai su saya. In da sarakunan kasuwa da shugabannin dillalai na Salaga da Yendi da Gushegu da Buipe da Bawku za su haɗa baki, ba a sayen dabba sai da wanda ya tsaya wa mai ita, a rubuta kamanninta da tambarinta, a kuma riƙa aika hoton shanun da aka sace ta waya zuwa kowace kasuwa kafin gari ya waye, da bijimi biyun nan sun fi amfani a wannan hanya. Rugage su daina warewa ɗai-ɗai a cikin ƙungurmin daji don neman ciyawa, ardo ya san sarkin ƙauye, sarkin ƙauye ya san ardo, tun kafin ranar ɓacin rai. Wanda yake zaune wuri ɗaya da takardunsa, yana ganin lalle sai ya ajiye bindigar farauta saboda kura ko ɓarawon akuya, hanyar lasisi a buɗe take, ya bi ta da rana tsaka.

Ita ma hukuma akwai nata. A taron shugabannin ECOWAS na Abuja a watan Oktoba na 1998 aka amince da dakatar da shigo da ƙananan makamai da ƙera su, kuma a wannan taro dai aka amince da ƙa'idar zirga-zirgar makiyaya tsakanin ƙasashe. Alkawari biyu ne aka ɗauka tare, bai kamata a riƙe mu da ɗaya a manta da ɗayan ba. In an ce makiyayi ya ajiye makami, to in ya kai ƙarar sata a rubuta, a bi sawu, kada a fara tambayarsa katin ɗan ƙasa ko kuɗin mai. Waɗanda suka ƙone ruga su ma a gan su gaban alƙali. Wannan ƙungiya ta ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar Hukumar Kula da Ƙananan Makamai, wadda aka kafa da dokar 2007, har ta riƙa zuwa kasuwannin shanu tana magana da mutane da Fulatanci da Hausa da Dagwambanci.

Wanda kuwa ya riga ya saya, tana nan soke a jinka ko binne a bayan garke, shawarata kada ya ɗauko ta ya rataya ya kama hanyar caji ofis shi kaɗai, don wanda zai tare shi a hanya bai san niyyarsa ba. Gwamnati takan buɗe lokacin afuwa na miƙa makamai, kamar yadda ta yi a 2016, sai a sa kunne. Ya fara gaya wa ardo ko shugaban ƙungiya na yankinsa, su je tare da wakilin sarkin gari su sanar da babban ɗan sanda, a sa ranar da za a zo a ɗauka, a kuma karɓi takardar shaida. Kafin ranar, kada ya ce zai gwada ta ko ya buɗe sakata don ya ga ko da harsashi a ciki. Ya ɗauka akwai, ya juya bakinta inda ba mutum ba dabba, ya kulle ɗakin, makullin kuma ya zauna a aljihunsa ko da zai tafi kasuwa.